Lukmanu Mahauci a Tsibirin Surukinsa

Duk wanda ya taɓa sayen nama a babbar kasuwar Garwa ya san teburin Malam Lukmanu, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, wanda in ka ce kilo ɗaya sai ya yanka ya ɗora a sikeli ba tare da ya dubi allurar ba, don ya san ba za ta ƙaryata shi ba. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina da barho a ƙugu, ya ga kogin Binuwai, ya ga shanun Fulani, ya ce nan ya isa. Tun daga lokacin gidansu na unguwar Yalwa ba a san shi da wata sana'a ba sai fawa. Lukmanu ya fara riƙe ƙafar sa yana ɗan shekara tara, a sha biyar yana fiɗa shi kaɗai. Yanzu yana da sittin da uku. Hausa a gida, Fulatanci a kasuwar shanu, Faransanci kuma daidai na ciniki da gaida jandarma a hanya.

Ba za a ce bai san duniya ba, sai dai ta shanu ya san ta. Ya san Ngong, ya san Adumri ta wajen Bibemi, ya san Pitowa. In ka ambaci gari, abin da zai fara tambaya shi ne ranar kasuwarsa da irin bijiman da ake kawowa. Garin da ba shi da kasuwar shanu, a wurinsa bai gama zama gari ba. Shi ya sa in ya ga Turawa cikin mota da huluna masu faɗi za su daji kallon namun dawa, sai ya girgiza kai ya ce wa na kusa da shi, "Mutum da gidansa da iyalinsa, ya shiga jirgi ya zo kallon abin da ba zai saya ba."

'Yar farinsa Ilham ce ta jawo masa abin da bai nema ba. Ta yi karatun sarrafa abinci a jami'ar Ngaundere, can ta haɗu da wani ɗalibi mai suna Youssouf. Da maganar aure ta taso, uwarta Dela ce ta kawo masa ita bayan ya ci tuwo ya sha ruwa.

"Malam, yaron nan ɗan Komoro ne."

"Komoro," ya ce, yana tunani. "Ta wajen Mora ce? Ai akwai hanya, sai dai ba a tafiyar yamma."

Aka kira Ilham ta zo da waya. Ta buɗe taswira, ta nuna masa shuɗin ruwa fal, babu komai a kai. Ta sa yatsa biyu ta buɗa, babu komai. Ta sake buɗawa. A na uku sai ga wasu ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda a kan tire.

"Ga ta nan, Baba. Tsibirai ne a tsakiyar teku."

Lukmanu ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambayi ko yaron yana salla. Aka ce ƙasar ma duk Musulmi ne. Ya sa aka kawo shi, ya bi shi salla sau biyu ya ji ƙira'arsa, ya ce to. Aka ɗaura aure, suka tafi. Bayan shekara biyu Ilham ta haifi namiji, aka sa masa Lukmanu, kuma tare da albishir sai ga tikitin jirgi guda biyu.

Ya je Ngong neman shawarar abokinsa Oumar, wani Bafulatani dillalin shanu da suka yi shekara talatin suna musu. Oumar ya saurara har ƙarshe, ya tofar da goro.

"Ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina, in rigima ta tashi, ina mutum zai nufa?"

"Abin da nake tunani ke nan."

"Amma takwara ya fi ƙarfin tunani. Je ka. Ka dubo mana shanunsu."

Suka tashi daga Garwa zuwa Duwala, daga Duwala zuwa Addis Ababa, daga can sai teku. Dela ta cika akwati ɗaya da kayan jego: yaji, kanwa, daddawa, kuka, ƙuli-ƙuli, da dambun naman da take yi na sayarwa. Ita tafiyar ta yi mata daɗi tun daga bakin ƙofa. Lukmanu kuwa ya leƙa taga sau ɗaya, ya ga ruwa har inda ido ya tsaya, ya ja murfin tagar ya rufe, ya ciro carbi.

A filin jirgin Moroni, babban birnin Komoro, ne ya fara gane ya bar gida. A Garwa suruki yakan tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaida ƙasa. Shi kuwa Youssouf da gudu ya zo ya rungume shi ƙam, yana bubbuga masa baya yana "Papa, Papa". Lukmanu ya tsaya ƙiƙam da hannuwa a sake kamar wanda ake caje. Kafin su kai mota yaron ya miƙo masa takarda mai shafi biyu, bugun inji. Ashe aikin Youssouf ke nan tun da ya koma gida: jagoran baƙi masu yawon buɗe ido. Ya kuma yi wata guda yana shirya wa surukinsa abin da ya kira program, kwana goma, kowace rana da awanninta.

"Ki gaya masa jariri na zo gani," in ji Lukmanu.

Ilham ta yi dariya. "Jaririn ma yana cikin takardar, Baba. Ga shi nan, kullum ƙarfe bakwai zuwa takwas."

Sai batun abinci. Aka kawo shinkafa da kifi da ɗanyar ayaba dafaffiya cikin madarar kwakwa, Youssouf ya wanke hannu ya zauna gaban tire ɗaya da shi, gwiwa da gwiwa. Lukmanu bai taɓa tauna ko gyaɗa a gaban suruki ba, kuma bai ga dalilin farawa a ƙasar mutane ba. Ya ce a ƙoshe yake. Washegari ma a ƙoshe yake. Kwana biyu yana rufe ƙofar ɗaki yana cin dambun mai jego, har Dela ta ɗaure bakin ledar ta ce ba don shi ta ɗauko ba. Da Ilham ta yi wa mijinta bayani, kunya ta kama shi har ya wuce gona da iri: ya koma cin abincinsa a tsaye bayan mota, yana leƙe ko Papa na zuwa.

Ranar farko ta program an rubuta tsohon masallacin Juma'a na bakin tashar jiragen ruwa, minti arba'in. Fari ne fat, hawa biyu, da jerin bakuna masu lanƙwasa, ƙananan jiragen katako suna lilo a gabansa. Youssouf ya fara lissafa ɗaruruwan shekarun da ginin ya yi, Lukmanu ya tuɓe takalmi ya shige. Ya yi nafila, ya sami sanyi jikin ginshiƙi, iskar teku na shigowa. Aka kira azahar ya bi jam'i. Da Youssouf ya matso yana nuna agogo, sai ya ce masallaci ba wurin kallo ba ne, kuma wanda ya ga la'asar na tafe ba ya fita. Ran nan program ta rasa awa uku, Lukmanu kuma ya yarda a ransa cewa mutanen suna da abin kirki ɗaya.

Rana ta biyu gidan tarihi. Youssouf ya tsayar da su gaban wani ƙaton kifi mai kaurin ɓawo da fukafukai kamar ƙafafu, ya gyara murya. Sunansa gombessa, in ji shi. Masana sun ɗauka irinsa ya ƙare tun shekaru miliyoyi, sai ga shi masunta suna kamo shi da ransa a zurfin tekun nan. Daga ko'ina a duniya ana zuwa ganinsa.

Lukmanu ya zagaya shi sau biyu, ya duƙa ya dubi cikin.

"Zai yi kilo sittin. Yaya ake dafa shi?"

"Ba a cika ci ba, Papa. Mai ya yi masa yawa, yana ɓata ciki."

"To ai shi ya sa ya daɗe. Da yana da daɗi da tuni ya ƙare da gaske."

Youssouf ya ciro biro ya rubuta maganar a bayan takardarsa.

Aka kai su inda ake dafa furen ilan-ilan a manyan tukwane ana tatsar man turare. Dela ta shiga kamar an buɗe mata Aljanna, har matan wurin suka shafa mata garin sandal a fuska irin yadda suke yi. Lukmanu ya yi atishawa goma sha huɗu a jere. Ya ce shekara hamsin yana shiga kwata, hancinsa bai taɓa yi masa haka ba. Dela ta ce hancin ne bai saba da alheri ba.

Rana ta biyar an rubuta Kartala, ƙaton dutsen da ya tokare garin ta baya, kansa kullum cikin gajimare. Tafiyar ƙafa ce ta yini guda.

"A samansa akwai me?" Lukmanu ya tambaya.

"Ƙaton rami, Papa."

"A cikin ramin fa?"

"Wuta. Amma tana barci."

"To ba ni zan tashe ta ba."

Aka soke Kartala, aka maye gurbinsa da Tafkin Gishiri, can arewacin tsibirin. Wani rami ne mai zurfi dab da teku, ruwansa kore, mutum yana tsaye a baki yana hango shi a ƙasa kamar miya a gindin tukunya. Youssouf ya ba da labarin da tsofaffi ke bayarwa, wai gari ne a wurin, wani bawan Allah ya roƙi ruwan sha aka hana shi, sai ruwa ya haɗiye garin. Ya ƙara da cewa mutane na faɗa duk ƙarfinka in ka jefa dutse ba zai taɓa ruwan ba.

Wannan ce maganar da ta shiga kunnen Lukmanu. Mutumin da ke kayar da bijimi da igiya ɗaya, a ce masa ba zai iya jefa dutse cikin tafkin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba? Ya miƙa wa Dela hularsa, ya naɗe hannun riga. Dutsen farko ya tashi kamar zai tsallake tafkin, sai ya karyo ya ɓace cikin ciyayin gangare. Na biyu haka. Wasu Turawa biyu, mata da miji, suka matso suna ɗaukarsa da waya. Youssouf ya fara bayanin cewa ido ne ke ruɗuwa, ruwan ya fi nisa da yadda ake gani, ga iska kuma tana tasowa daga ramin. Lukmanu ya ce shi dai a miƙo masa wani. A na goma sha biyu ya ja da baya, ya rugo, ya saki dutse, kafaɗarsa ta dama ta ce ƙas. Dutsen ya faɗi inda 'yan'uwansa suka faɗi. Baturiyar ta tafa masa.

"Masu wurin ne ke cafewa," ya ce a mota, hannu a rataye da gyalen Dela. "Na ga inda na nufa."

Likita ya ce jijiya ce ta gurɗe, a huta mata. Lukmanu ya ji daɗin ciwon a ɓoye, don ya zaci program ta mutu ke nan. Amma rana ta takwas akwai babban biki a ƙauyen dangin Youssouf, irin wanda mutum ke shekaru yana shiryawa, gari duka ya ci ya sha. Ba a ƙin zuwa. An tsara su kalli rawar maza, masu dogayen riguna da sanduna, da ƙarfe goma.

Tun ƙarfe takwas, suna zaune ana ba su shayi, Lukmanu ya ji wani kuka daga bayan gidaje. Kwana tara bai ji wannan muryar ba. Ya ajiye kofi ya bi ta, ta cikin lungu, tsakanin katangun baƙin dutse, har ya fito wani fili ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Shanu huɗu, ƙanana masu tozo, an riga an yanka biyu. Samari sun kewaye su da adduna, suna sara nama da ƙashi gaba ɗaya, wani tsoho mai farar hula da ake kira Mze Swalihi yana ba da umarni.

Lukmanu ya tsaya ya sa hannun hagu a baya, ya ce ba ruwansa, baƙo ne. Ya jure sara ɗaya, ya jure biyu. Da wani saurayi ya ɗaga adda zai raba cinya ta tsakiyar ƙashi, sai ya ji bakinsa ya ce "A'a" ba da izininsa ba. Kowa ya juyo. Ba ya jin yarensu, su kuma Faransancinsa bai kai inda yake so ba. Ya yi sallama, ya nuna wuƙar da ke hannun tsohon. Mze Swalihi ya dube shi daga sama zuwa ƙasa, ya dubi gyalen, ya miƙa masa.

Ya wasa ta jikin dutse, ya ce bismillah, wannan kam kowa ya gane. Da hannun hagu ya lalubi gaɓa, ya sa bakin wuƙa, ya bi ta a hankali, cinya ta rabu kamar an buɗe ƙofa. Samarin suka sauke adduna. Tsohon ya tsuguna kusa da shi ya ce a sake. Daga nan hira ta ɓarke tsakanin tsofaffin biyu, ba kalma ko ɗaya, sai nuni da yatsa da gyaɗa kai. Lukmanu ya nuna musu yadda ake cire fata ba a huda ta ba. Da ya kai hannu kan wani yanki mai kyau zai ware, Mze Swalihi ya riƙe masa wuyan hannu, ya nuna masa tulin naman da aka jera a kan ganyen ayaba, ya nuna gidaje ɗaya bayan ɗaya. Lukmanu ya gane: a nan kowane yanki da mai shi, bisa girma da matsayi, ba a taɓawa. Ya janye hannu ya sunkuyar da kai. Ashe ba hauka suke sarawa ba, rabo suke yi.

Tsohon ya ba shi wani yanki daga nasa kason. Lukmanu ya aika aka kira Dela, ya roƙi yaji da ƙuli-ƙuli cikin murya mai taushin da ta rabu da ji tun suna amare. Aka feƙe tsinke daga zarɓar kwakwa, aka hura garwashin ɓawonta. Kafin ƙarfe goma ƙamshin tsire ya ratsa ƙauyen.

Youssouf ya yi ta neman surukinsa har ya fara tunanin ko teku ya faɗa. Ya zo bikin da baƙi shida da zai nuna wa rawa, sai ya ga baƙin suna zamewa ɗaya-ɗaya suna bin hancinsu. Ya bi su ya tarar da Papa a tsugune cikin hayaƙi, hannu ɗaya a rataye, ɗaya yana juya tsinke, masu rawa biyu da sandunansu suna layi. Wani baƙo ya tambaya ko wannan tsohuwar al'adar tsibirin ce.

"Tun ƙarfe takwas na safen nan," in ji Youssouf.

Lukmanu ya zaɓi tsinke mai kitse ya miƙa masa. Yaron ya karɓa ya fara waige-waigen inda zai ɓuya.

"Zauna nan ka ci," in ji Lukmanu, shi ma ya ɗauki nasa. "Ba kowa daga Garwa."

Da suka koma gida, Oumar ya zo har Yalwa jin labari. Lukmanu ya ce shanunsu ƙanana ne, amma mutanen sun san girman nama. Labarin tafki kuwa ya ɗan canza a hanya: dutsen na sha biyu ya kusa taɓa ruwa, wani abu ya ɗauke shi.

Shekara na zagayowa sai ga Ilham da mijinta da takwara a Garwa. Youssouf ya koyo darasi: ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa ya gaida ƙasa. Da ya ɗago sai ya ciro ɗan littafi da biro, ya ce da Hausar da matarsa ta koya masa, "Baba, ina program?"

Lukmanu ya ce zai kai shi kwata da kasuwar Adumri. Youssouf ya rubuta, ya jira. Babu na uku. Ya tambayi dorinar ruwan da ya ji ana gani daga gadar Binuwai. Ya tambayi tsagaggun duwatsun Kola ta wajen Gider. Ya tambayi tafkin Lagdo. Lukmanu ya yi ta amsawa da "suna nan", har Dela ta leƙo daga madafi ta ce, "Gaya masa gaskiya, Malam. Ba ka taɓa zuwa ko ɗaya ba."

Gadar kuwa ya haye ta ya fi sau dubu, amma kullum idonsa na kan shanun da ke bayan mota. Ran nan da la'asar suka tsaya a kanta. Wani abu mai kama da dutse ya motsa a ruwa, ya ɗago kai, ya buɗe bakin da zai haɗiye teburinsa da sikelin. Youssouf ya riƙe biro yana jiran Baba ya faɗi kilo. Lukmanu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Ikon Allah. Kuma duk shekarun nan tana nan."

Lagdo suka je ranar Lahadi, ya rufe tebur da kansa, abin da bai taɓa yi ba sai don jana'iza. Ya ƙi shiga kwale-kwale, sai da ya ga takwara ɗan shekara guda ya shiga yana dariya. Ya zauna a tsakiya, hannu ɗaya a gefen jirgi, ɗayan ya damƙe gwiwar surukinsa bai sani ba. Da suka yi nisa, mai tuƙin ya nuna wani tsibiri mai bukkokin masunta, ya ce sunansa Madagaskar.

Youssouf ya ce a sake faɗa. Aka sake. Ya ce ai Madagaskar maƙwabciyarsu ce, ƙatuwar ƙasa, ana kwana a teku kafin a kai ta.

Lukmanu ya saki gwiwar, ya gyara zaman hula.

"To ka gani. Mu a nan cikin tafki muke ajiye ta."

Suka sauka a tsibirin, suka yi azahar da masunta. Lukmanu ya yi cinikin ƙaton giwan ruwa da Fulatanci, ya taya kamar mai sayen bijimi, har mai kifin ya gaji ya sallama. Suka iso Yalwa ana kiran magariba, kifin a kan cinyarsa cikin buhu. Maƙwabta suka ga mahauci ya shiga gida da kifi, kafin a idar da salla labari ya kai kwata. Dela ta soya shi da yaji, ya ci gutsure uku, ya ce ba laifi, amma kada a gaya wa Oumar.